Ranar da Adda Ta Raka Ni Jami'a

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Ƙofar Wambai a Bauchi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da aka yaye ni aka ɗauke ni daga ɗakin mahaifiyata aka kai ni ɗakin kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna. Tsakanin ɗakunan biyu taku goma sha biyu ne, na sha ƙirgawa ina yarinya, amma na girma kamar wadda aka kai riƙo wani gari. Ƙannena huɗu suna kiran mahaifiyarmu Umma. Ni kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannen babana suna faɗa, kuma babu wanda ya taɓa gyara mini.

Adda ba ta faɗin sunana. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wani laifi na yi mata ba. Kunyar ɗan fari ce, wadda ta gada wajen uwarta, uwar ma ta gada wajen tata. In za ta yi maganata sai ta ce "ta wajen Inna", ko "yarinyar can". In ta kama dole ta yi magana da ni, sai ta kalli bango ko tukunya ta ce, "A zo a ɗauki abinci." "A gyara ɗankwali." Shekara goma sha takwas ana yi mini magana kamar sanarwar rediyo. Matan unguwa suna yaba ta, suna cewa irinta sun ƙare, matan yanzu har goya ɗan fari suke yi su shiga gidan biki ko a jikinsu. Ni dai ban taɓa ganin abin yabo a ciki ba. So nake in ji sunana a bakinta, ko sau ɗaya, ko da faɗa za ta haɗa shi. Ƙanwata mai bi mini takan sha kira da masifa tun safe har yamma, ni kuma ina zaune a ƙofar Inna ina jin haushin ba ni ake yi wa ba.

Kuma ni goyon kaka ce, da duk abin da ake faɗa a kan goyon kaka. Bakina ba shi da linzami, zuciyata a kusa take. Inna takan ce da za a sayar da tsiwa a kasuwar Wunti da tuni ta gina bene da ni. Ita ta ɓata ni, ita ce kuma ta fi kowa ƙorafi.

Da na ci jarabawar shiga jami'a, aka sa mana ranar tantancewa, wato ranar da kowa zai je da takardunsa na asali a duba kafin a fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka. A Bauchi aka haife ni, amma ban taɓa shiga jami'ar ba. Iyakata in ga ƙofarta daga cikin keke in muna wucewa. Babana ne ya yi alkawarin kai ni, har ya ce za mu je da wuri mu zaga in ga wurin da idona. Sai tafiyar sari ta kama shi zuwa Kano, don shagon yadi yake da shi a Wunti kuma salla ta matso. Inna ta so ta je, amma gwiwarta ta kumbura, ko banɗaki sai da sanda. Ana gobe tantancewa ta sa aka kira mata Adda.

Adda ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, ina zaune a kan gado ina jera takardu a ambulan.

Inna ta ce, "Ke za ki raka ta gobe."

Adda ta ce, "Inna, da an nemi ɗaya daga cikin ƙannen babansu."

"Wanne? Mai shago ko wanda ba ya tashi sai hantsi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinya mace ba za ta shiga cikin dubban mutane ita kaɗai ba alhali kina nan. Na gama magana."

Adda ta ce to. Ni kuwa na ci gaba da jera takarduna kamar ban ji ba. Ban taɓa fita da ita mu biyu ba.

Da sassafe muka tari keke a bakin titi. Ita ce rana ta farko da na zauna kafaɗa da kafaɗa da matar da ta haife ni. Duk ramin da keken ya faɗa sai kafaɗunmu su haɗu, sai ta ɗan matsa, ta ƙara riƙe kular da ke kan cinyarta. Mayafinta shuɗi ne, wanda take sawa in za ta biki, yana ƙamshin turaren wuta. Har muka wuce Wunti, inda masu shaguna ke ta ɗaga ƙofofi, 'yan acaɓa suna ta hon, fuskarta tana waje. Na shirya maganganu kala-kala a raina, ban faɗi ko ɗaya ba.

A ƙofar jami'a masu gadi suka ce ba za a fara ba sai ƙarfe goma, ga shi ko bakwai da rabi ba ta yi ba. Na ce ni dai zan zaga. Na zaci za ta nemi gindin bishiya ta zauna, sai na ji takunta a bayana.

Wurin ya fi yadda na zata girma. Titi ya miƙe, dogon yaro jere hagu da dama, gine-gine nesa da juna, ka yi ta tafiya kafin ka kai na gaba. Ni da na tashi a lungun da in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango, sai na ji sararin ya yi mini yawa. Muka wuce ɗakin karatu mai manyan tagogi, muka wuce masaukin ɗalibai mata inda aka shanya kaya a kan waya kamar kowane gida, abin da ya ɗan kwantar mini da hankali. A ɓangaren kimiyya, inda na nema, na ga wasu 'yan mata uku sanye da fararen riguna sun fito daga ɗakin gwaje-gwaje suna dariya. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana. Na ga kaina a cikin rigar nan ƙarara, har da yadda zan riƙa naɗe hannunta.

Adda a firamare karatunta ya tsaya. Duk allon da muka wuce sai ta rage tafiya, leɓɓanta suna motsi, tana haɗa baƙaƙen a hankali. In na waiwayo sai ta daina.

Muka tarar da wani babban ɗakin lacca a buɗe, wata dattijuwa tana shara. Na roƙe ta mu leƙa, ta ce mu shiga. Adda har ta sunkuya za ta cire takalmi, mai sharar ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ba masallaci ba ne." Kujerun hawa-hawa suke har sama, allon kuwa ya kai faɗin bangon gidanmu. Na sauka har gaba na tsaya inda malami ke tsayawa. Da na ɗaga kai sai na hango Adda can a layin ƙarshe, ta zauna a kujera ɗaya, ta ɗora hannuwanta biyu a kan teburin tana shafa katakon. Ba ni take kallo ba, allon take kallo.

Ta ce, "Ashe haka wurin yake."

Muryarta ta sauko har inda nake, saboda ɗakin babu kowa. Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "A fito, kar a hana baiwar Allah aikinta."

Wajen ƙarfe tara na tsaya a wata rumfa na yi hoton takardar shaidar ƙaramar hukuma, don an ce ana son kwafi. Mutane sun yi yawa a rumfar, ana ta turereniya, sai na cusa takardar da kwafinta a jakar hannuna maimakon in mayar da su ambulan. Daga nan muka nemi inuwa kusa da babban ɗakin taron da za a yi tantancewar. Adda ta buɗe kula. Masa ce, har yanzu da ɗuminta, da ƙuli-ƙuli dakakke a ƙullin leda.

Ta ce, "Inna ta ce a ci kafin a shiga."

Inna da ba ta iya tsayuwa, balle ta zauna gaban tanda. Kuma na san masar Inna, zaƙi take cika mata. Wannan mai ɗan tsami ce, gefenta ya soyu ƙayau, irin wadda nake so, irin wadda hannu ɗaya ne ke yin ta a gidanmu. Na sani, ita ma ta san na sani. Na miƙa hannu na ci.

A inuwar nan muka haɗu da wata mata da 'yarta. Kirista ce, mutuniyar kudancin jiha, mijinta soja ne a barikin Shadawanka, ita kuma tana da shagon kayan masarufi a bakin barikin. Duk wannan a cikin minti biyar muka ji shi, don ba ta iya zama shiru. Doguwa ce mai jiki, ga fara'a, Hausarta irin ta mutanen wajensu, mace da namiji duk "ya" ne. 'Yarta ma kimiyya ta nema. Matar ba ta bar yarinyar nan ta huta ba: ta gyara mata wuyan riga, ta goge mata gumi da gefen zane, ta kira sunanta ta ce ta sha ruwa, ta sake kira ta ce ta duba biro. Na ƙirga, kafin mu gama cin masa ta kira sunan ya fi sau goma. Yarinyar tana ta ƙunƙuni wai an dame ta. Ni kuwa ji nake kamar in ce mata mu yi musaya.

Adda ta miƙa musu masa, matar ta karɓa da hannu biyu tana yabawa. Sai ta dube ni, ta dubi Adda, ta ce, "Hajiya, wannan 'yarki ne ko?"

Adda ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta wajen kakarta ce."

Matar ta tuntsire da dariya. "Kai Hajiya! Ai ko makaho ya shafa zai sani. Ga hanci, ga goshi, duk naki ne ya ɗauka."

Adda ta ja mayafi ta rufe baki. A gida na saba, amma a nan, gaban baƙi, a ranar da kowace uwa ke nuna tata, na ji abin ya soke ni har ƙashi. Na rufe kular na ce na ƙoshi.

Ƙarfe goma aka ɗaura igiya daga wata bishiya zuwa wata, aka ce iyaye su tsaya a bayanta, ɗalibai su yi layi. Aka ce ba a shiga da waya ko jaka, daga mutum sai ambulan ɗinsa. Na miƙa wa Adda jakata da wayata ban ko kalle ta ba, na shiga layi. Layin yana tafiya da sauri a waje, don a ciki ne ake zaunar da mutane. Iyaye suna ta ƙwala kiran 'ya'yansu daga bayan igiya, wannan ta ce a yi bisimilla, wancan ya ce kar a yi gaggawa. Ina hawa matakalar ɗakin na ji har da mai irin sunana ake kira, don suna ne da ba a rasa shi a kowane layi a garin nan. 'Yan mata biyu a gabana suka waiwaya. Na ce a raina wasu sun ji daɗi, na shige.

A ciki benci-benci aka jera mu, in na gaba ya tashi a matsa. Fankoki suna juyawa amma ba sa kawo komai. Kusan awa uku ina matsawa, ina rungume da ambulan, har na iso gaban teburin. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta zazzage takarduna, ta duba sakamakon sakandare, ta duba takardar haihuwa, ta sake juya ambulan ɗin ta girgiza.

"Ina ta ƙaramar hukuma?"

Nan take na tuna rumfar hoto da jakar hannuna. Na ce tana waje wajen wadda ta rako ni, minti biyu kawai. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta ce, "Je ki kawo, amma layi za ki bi daga baya, kin ga mutane. Ki yi sauri, ƙarfe huɗu muke tashi, kuma yau ce ranar ɓangarenku."

Na fito idona ya rufe. Rana ta take tsaka, duk iyayen sun koma gindin bishiyoyi, wasu sun tafi salla. Mutum ɗaya ce a bakin igiya. Adda tana tsaye a cikin ranar nan, jakata a kafaɗarta, takardar a hannunta, ta saka ta a ƙarƙashin gefen mayafi don kar gumi ya taɓa ta. Tana hango ni ta miƙo hannu ta saman igiyar.

Laifina ne, ni na cusa takardar a jaka. Na san haka a lokacin ma. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni, kuma ba takardar ce kaɗai ke cina ba.

Na ce, "Tun yaushe kika gani?"

Ban taɓa ce mata "ke" kai tsaye haka ba. Ta ɗan ja da baya.

Ta ce, "Tun ana kan matakala." Muryarta a dushe take, na ɗauka ƙishirwa ce.

"Ina kan matakala kika gani? Ina nan, ga ni ga ki, kika yi shiru? Awa uku na yi a ciki! Kin gwammace in rasa makarantar da ki buɗe baki ki kira ni?"

Mutanen da ke inuwa suka fara juyowa, ni kuwa kamar ana zuga ni.

"Ko kin manta sunan ne? Ga shi nan a jikin takardar, ai kina iya haɗa baƙi, na gan ki ɗazu. Kowa da uwarsa a wurin nan sai ni. An tambaye ki, kin ce ta wajen kakarta. To na gaji. Na gaji da zaman marainiya alhali uwata tana da rai."

Leɓɓanta suka yi motsi kamar za ta faɗi wani abu. Na ga maƙogwaronta ya haɗiye. Sannan ta kalli igiyar da ke tsakaninmu ta ce, "A koma, kar layi ya yi nisa."

Na fizge takardar na juya. An tantance ni saura kaɗan a tashi. Da na fito tana nan inda na bar ta, sai dai ta zauna a kan wani dutse. Muka hau keke, wannan karon ni ce na matsa can gefe. Da muka isa gida Inna ta tambaya yaya aka yi, Adda ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Lafiya lau, an gama." Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da na faɗa mata ba. Da ta gaya wa babana da na sha mari, kuma da marin ya fi mini sauƙi.

Sunana ya fito. Na koma masaukin ɗalibai, aka kuma haɗa mu ɗaki ɗaya da 'yar matar nan ta Shadawanka, muka zama ƙawaye na gaske. Na sa farar rigar, na naɗe hannunta yadda na tsara. Duk ranar Asabar ƙanwata takan zo da kula ta ce, "Inna ta ce a kawo miki," masar kuma mai ɗan tsami. Na san ya kamata in ba Adda haƙuri. Amma ta ina ake fara ba da haƙuri ga wadda ba a saba magana da ita ba? In na je gida sai in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon tsintsiya ko tukunya, in tashi. Na ce a raina bari in gama, ranar da na karɓi takardar digiri zan kai mata ɗakinta in ajiye a gabanta in faɗi duk abin da ke raina. Na ɗauka lokaci nawa ne, ni nake raba shi.

A daminar shekarata ta farko Adda ta kwanta. Zazzaɓi aka ce da farko, sai ya zama ba shi ba ne. Muna tsakiyar jarabawa babana ya kira ni, na je asibiti da rana. Ta rame cikin kwana kaɗan, hannunta da ƙarin ruwa. Ƙannena suna zagaye da gadon, autarmu ta kwantar da kai a ƙafarta. Ni na tsaya daga wajen ƙafar gadon, inda 'yar fari ke tsayawa. Ta buɗe ido ta gan ni, ta mayar da kallonta kan silin.

Ta ce, "An zo?"

Na ce, "Na zo. Yaya jikin?"

"Da sauƙi. An ce ana jarabawa. A koma, kar a rasa."

Na koma. Bayan kwana biyu, da hantsi, ina cikin ɗakin laccar nan mai kujeru hawa-hawa ina rubuta amsa, ta cika. Sai da na fito na kunna waya na ga kiran babana.

Ranar sadakar uku ƙawata ta zo da mahaifiyarta. Matar ta yafa gyale, ta cire takalmi tun daga zaure, ta zauna a tabarma a tsakar gida kusa da Inna. Ta yi mana gaisuwa tana share hawaye, duk da sau ɗaya ta taɓa ganin Adda. Ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri, Allah ne ya ba da, shi ne ya karɓa. Sai ta juya wajen Inna.

"Mama, wannan 'yarku da ya rasu, yana son yarinyan nan. Ni na gani da idona. Ranan da muka kawo su makaranta, yana buɗe jaka zai sa waya, sai ya ga takarda. Ya zaro shi da sauri. Na ce Hajiya mene ne? Ya nuna mini takarda, ya nuna yarinya yana hawa matakala. Na ce faɗa mini sunan in kira miki, ni ina da murya. Ya rufe baki da mayafi. Na ce to kawo in karanta, ina neman tabarau a jaka, ban ma same shi ba, sai na ji ihu a kunnena. Shi da kansa ya kira. Sau uku, Mama, da dukan ƙarfinsa, har mutane suka juyo. Na ukun muryan ya fashe."

Inna ta ajiye carbinta a cinya.

Ta ce, "Ita? Ta faɗi sunan? Da bakinta, a cikin mutane?"

"Sau uku. Yarinya bai ji ba, ya shiga. Muka roƙi mai gadi, ya ce ba mai shiga, yarinya zai fito da kansa. Na ce Hajiya zo inuwa, ya ƙi. Ya ce in yarinya ya fito kar ya neme shi ya rasa. Ni da yarinyana ya gama muka tafi, na bar shi a rana."

Ba ta san abin da ya faru bayan tafiyarta ba. Daɗi take so ta sa mini a rai, shi ya sa ta faɗa, har tana ɗan murmushi cikin hawaye. Inna ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Allah sarki baiwar Allah. Kuma ta dawo ta durƙusa a nan ta ce mini lafiya lau." Sai ta dafa ni ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Hayaniya ta yi yawa, ba ki ji ba."

Na ce, "Na ji, Inna."

Suka dube ni.

"Na ji. Ina kan matakala. Har wasu suka waiwaya."

Na ji kiran sarai, sau ukun nan, har da fashewar muryar a na ƙarshe. Ban waiwaya ba saboda ban san muryar da sunan a tare ba, ban taɓa jin su a haɗe ba. Abin da na yi shekara goma sha takwas ina jira ya zo, na ce na wasu ne. Na fito kuma na tsaya a gabanta, maƙogwaronta yana ciwo saboda kirana, na ce mata ta manta sunana, na kira kaina marainiya. Kalma ɗaya za ta faɗa ta rufe mini baki. Amma in ta ce ta kira, ta amsa a gabana cewa ta yi abin da uwarta da kakarta ba su taɓa yi ba, ta kuma bar ni da kunyar abin da na faɗa. Sai ta haɗiye, ta ce a koma.

Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ita. Matar Shadawanka ta rikice, tana ta tambaya ko ta faɗi abin da bai kamata ba. Na ce mata a'a, kuma har yau ina gode mata, ko da yake akwai ranakun da nake cewa da ma ba ta zo ba.

Na ƙara shekara uku a jami'ar nan. Ɗakin taron yana kan hanyata ta zuwa ɗakin gwaje-gwaje, bishiyoyin biyu da aka ɗaura wa igiya suna nan. Wani lokaci in babu mutane nakan hau matakalar in tsaya a ta huɗu, in yi ƙoƙarin dawo da muryar. Ba ta dawowa daidai. Na tuna an kira, na tuna sau nawa, amma sautin ya ɓace mini, don a lokacin ban ba shi muhimmancin da zan riƙe shi ba. Abin da ya zauna daram a kunnena shi ne "a koma". Takardar digirin da na karɓa Inna na kai wa, ta juya ta sama da ƙasa ta ce in kai ɗakin Adda in ajiye ko na minti ɗaya ne. Na kai, na ajiye a kan gadon, na zauna a ƙasa. Duk maganar da na tanada ban faɗi ko ɗaya ba.

Yanzu in na shiga Wunti, ko asibiti, ko gidan biki, duk inda aka kira sunan nan sai na waiwaya, ko muryar namiji ce, ko daga tsallaken titi ne. Ƙanwata tana yi mini tsiya, wai na ɗauka ni kaɗai aka raɗa wa shi a Bauchi. Nakan yi dariya in bar ta. Kullum wata ake kira, nakan ga ta amsa ta nufi mai kiranta, sannan in juya in ci gaba da tafiyata.